Ajin Yaya Illa a Rumfar Albasa

Na gaji da jin labarin nan a bakin waɗanda ba su nan lokacin da aka yi shi. Duk sallar da aka taru a gidan Kawunku Illa sai wani ya tono shi, a ce wai uwarku ce ta karya yajin aikin malamai ita kaɗai, wai na ƙwace wa yayana aji, wai saboda ni ya yi shekara bai yi dariya ba. Ku kuma ku zauna kuna ƙyalƙyalawa kamar tatsuniya ake muku. Shi kansa Kawun naku, da ya san komai, sai ya gyara hula, ya bar ni da bakin mutane. To, tun da hannuna yana iya riƙe biro, bari in rubuta muku yadda abin ya kasance. In kun ga dama ku karanta, in ba ku ga dama ba ku ajiye wa ƴaƴanku, wataƙila su sun fi ku haƙurin sauraro.

A shekarar ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, a Madawa, ajin da ake zana jarrabawar bak, wadda in mutum ya ci sai ya wuce jami'a a Yamai. Ɗalibai sun zaɓe ni mataimakiyar shugaban ƙungiyarmu, kuma ni aka ɗora wa ayyukan taimakon jama'a. Kada sunan ya ruɗe ku. Ma'anarsa ita ce in an ce za a share harabar asibiti, ni zan bi gida gida aron tsintsiya, ni zan mayar, ni za a zaga in ɗaya ta ɓata. Shugaban namu sunansa Lawali, amma ba ya amsa kira sai an ce Kamarad Lawali, kuma aikinsa jawabi ne. Allah ya ba shi murya, wannan ba zan hana masa ba. Ranar da muka kwashe juji a bakin kasuwa, da farar riga ya zo, ya hau kan amalanke ya yi mana bayani a kan hidimar ƙasa har rana ta yi sama, ya taɓa manjagara sau ɗaya don a gan shi, sannan ya tuna yana da wani taro. Mu muka koma gida da wari a jiki, washegari aka ce Lawali ya tsabtace kasuwa.

Bayan girbin hatsi malamai suka shiga yajin aiki, tun daga firamare har lise, saboda albashinsu ya daɗe bai fito ba. Da farko mun zaci abin mako ɗaya ne ko biyu. Da muka ga wata ya mutu wani ya kama ajujuwa na kulle, sai muka kira taro a ƙarƙashin itatuwan harabar makaranta. Ni na miƙe na ce mu manya ne, ko ba malami muna iya buɗe littafi, amma yaran aji shida na ƙauyuka, masu shirin jarrabawar shiga kwaleji, wato ƙaramar sakandare, in suka zauna haka har rani ya yi nisa ba za a sake ganinsu ba. Mazan za su bi yayyensu Najeriya ci rani, matan a ɗora musu farantin talla, kuma wanda ya saba da kasuwa ba ya komawa benci. Na ce kowa ya koma garinsu ya tara su ya riƙa yi musu bita kafin malamai su dawo. Ban gama zama ba Lawali ya karɓe maganar, ya yi mata ado, ya ce tarihi zai tuna da mu, har ni mai maganar na ji kamar yau na fara jin ta. Da aka ce wa zai yi, hannuwa suka tashi kamar gonar gero. Daga ɓangarenmu na Bangi kawai an samu masu alkawari da za su cika mota. Ranar kasuwa da na je tasha, mu biyu muka hau: ni da ƙawata Zali, wadda gidansu ke bayan namu a ƙauye.

Yanzu ga inda ƙullin yake. Malamin aji shida a lakkol, wato firamaren ƙauyenmu, ba kowa ba ne sai Yaya Illa, ɗan farin Inna, wanda gari duka ke kira Mushe, kamar yadda ake kiran malamin boko a wajenmu. Gida ɗaya muke, shi da matarsa Sa'a suna sashen yamma, ita kuma tana da cikin fari. Na san yana cikin masu yajin aiki, ban yi mantuwa ba. Abin da na ɗauka shi ne zai ji daɗi a riƙe masa yaransa kada su watse. Haka na faɗa masa da ƙwarin gwiwata a tsakar gida, ranar da na iso, yana zaune a kan tabarma da rediyo a gefe, Baba yana gyaran igiyar guga, Inna tana tankaɗe.

Ya rage muryar rediyon, ya dube ni tun daga ƙafa har kai.

"Ke za ki koyar da ajina?"

"Bita kawai, Yaya. Kafin ku koma."

"Habsu, kin san abin da ake nufi da yajin aiki? Mun rufe lakkol ne don waɗanda ke Yamai su ji zafi. In kuka buɗe ta ƙofar baya, sai su ce ai ga karatu na tafiya, malamai su yi ta zama. Ni da girmana, da gemuna, daga rumbun Baba nake cin tuwo, matata na da ciki, ke kuma kin zo da aikin sa kai."

"Su na Yamai ba su san akwai ƙauyen nan ba," na ce. "Amma ni na san yaran nan, kai ma ka san su. In suka tafi, wa za ka koma ka koya wa?"

Ya juya wajen Baba ya ce a yi mini magana. Ni ma na juya wajen Baba, don rumfarsa ta ajiyar albasa nake so, wadda ke jikin katangar gida, tun da ba kowa cikinta sai an yi girbi. Baba bai ɗaga kai daga igiyarsa ba.

"Rumfa dai tawa ce, kuma albasa ba ta zo ba tukuna," ya ce. "Wanda ya ga dama shi zamna ciki. Ban ce a yi ba, ban ce a bari ba."

Kakanku ke nan, Allah ya ji ƙansa. Duk rayuwarsa ban taɓa ganin ya raba gardama ba, sai dai ya bar ta ta tsufa. Tun daga ranar Yaya ya daina yi mini magana. In na gaishe shi da safe sai ya amsa wa katanga.

Ni da Zali muka shiga gari neman yara, kuma a nan na fara gane cewa taimakon mutane ya fi kwasar juji wahala, don juji ba ya mayar da magana. Wani uba ya ce mushe na gaske ya ajiye alli, ni wace ce. Wani ya ce ɗansa na ban ruwan albasa a fadama, in ina son sa in zo in karɓe shi gugan. Wata ta tambaya ko za a riƙa raba abinci, da na ce a'a ta ce to mi ne ne amfanin. Wata kuwa ta yi murna ƙwarai, ta yi ta sa mana albarka, washegari ta turo mana ɗiyarta ta aji shida goye da jariri, da wasu ƙanana biyu riƙe da zanenta, ita ta wuce kasuwa. Allo ba mu da shi, mabuɗin lakkol yana hannun direkta, shugaban makarantar, shi kuma ya ce ko alli ba zai ba mu ba. Tsohon ƙyauren ɗaki muka samu muka shafe da baƙin garin batir da ƙaro, muka jingina da ginshiƙin rumfa. Tabarmin Inna muka kwaso, wanda har ta koma ga Allah ba ta daina lissafa mini yadda yaran suka tsinke mata bakinsu ba. A haka dai yara suka fara zuwa, yau su cika rumfa, gobe a ga rabi, ranar kasuwar Bangi kuwa sai mu zauna mu biyu muna kallon juna. Zali na yi musu karatu da dikte, wato shifta, ni ina yin lissafi, warin tsohuwar albasa na shiga mana ido.

Abin da ban lura da shi ba sai daga baya shi ne bayan rumfar nan, katanga ɗaya ce tsakaninta da inda Yaya ke shimfiɗa tabarmarsa. Duk abin da na faɗa a kunnensa yake sauka. Wata safiya ina tsakiyar koya musu rabawa, na cika allo, yara sun yi tsit, sai ga Inna ta leƙo da muciya a hannu. Ita ba ta faɗin sunan ɗan fari, Mushe take ce masa kamar kowa.

"Mushe ya ce ki sauko da sihiri."

"Wane sifili, Inna?"

"Ni na san shi? Ya ce akwai wani sihiri da kika baro sama, ki sauko da shi tun ba ki lalata ɗiyan mutane ba."

Na duba allo, gaskiyarsa ce. Yara suka rufe baki suna dariya. Na sauko da sifilin ina jin kamar ƙasa ta tsage. Tun daga nan abin ya zama al'ada. Inna, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ta zama mai ɗaukar saƙo tsakanin mutum biyu da ke jin numfashin juna ta katanga. Ta zo ta ce Mushe ya ce kalmar can ba haka ake furta ta ba. Ta koma ta dawo ta ce ya ce yaron da ke zama baya ba ya gani sosai, a matso da shi gaba. Ta sake dawowa ta ce ya ce in daina tsawa, muryata na hana shi jin labarai. Wata rana na ƙule na ce ta gaya masa in ya iya ya zagayo ya yi da kansa. Ta tafi, ta jima, ta dawo.

"Ya ce shina yajin aiki."

Ta ajiye muciya a kan tabarma ta zauna cikin yara, ta ce ita kam ƙafafunta sun gaji, ba ta ga ranar da ta haifi mutane masu taurin kai irin mu ba, kowa a cikinmu ya ɗauko Baba ta gefen da bai kamata ba.

Da abin ya tsaya a haka, da yau dariya kawai za mu yi. Amma labari ya fita. Wata rana da hantsi wasu malamai biyu na sandika, wato ƙungiyar malamai, suka zo a kan moto, wato babur, daga Bangi. Suka tsaya bakin rumfa suka kalle mu ba sallama, sannan suka shiga wurin Yaya. Ta katangar nan dai na ji komai. Suka ce ajinsa ne kaɗai ke karatu a duk yankin, kuma a gidansu, kuma ƙanwarsa ke yi, kuma an ce shi ke ba ta darasi ta bayan fage. Suka ce wannan wayo ne, yana son ya ci da hannu biyu, a gan shi cikin yajin aiki kuma yaransa su fi na kowa ci. Na ji Yaya yana rantsuwa, mutumin da tun farkon yajin bai taɓa saɓa wa sandika ba. Ba su ko sha furar da Sa'a ta kawo musu ba.

Ba a jima ba wani ɗan ajinmu da ya dawo daga Madawa ya kawo mini nawa rabon. Ƙungiyar ɗalibai ta yi taro ta ce tana bayan malamai, kuma duk wanda ke koyarwa a ƙauye ya ci amanar gwagwarmaya. An cire ni daga muƙamina. Na tambaya wa ya kawo maganar, aka ce Kamarad Lawali, kuma jawabin da ya yi ranar ya fi na ranar da ya tura mu daɗi. Wai ya ce shi bai taɓa goyon bayan abin ba, ni na ruɗe taro. Mutumin da ya ce tarihi zai tuna da mu! Har yau in na ji mai zaƙin baki a rediyo sai in kashe. Zali kuma kawunta malami ne a Buza, ya aiko a gaya wa ubanta magana, aka hana ta fita. Ta zo tana kuka ta ba ni ragowar allinta. Na rage ni kaɗai da ƙyaure da yara.

A ranar ne Yaya ya yi mini magana kai tsaye, karo na farko tun gardamar ranar isowata. Bayan la'asar ce, yara sun tashi, ina naɗe tabarmi. Ya shigo rumfar, ya tsaya yana duban allon. Bai yi tsawa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Habsu, ban taɓa roƙonki komi ba. Ki bari. Mutanen nan abokan aikina ne, da su zan tsufa. Ke gobe za ki tafi Yamai ki bar ni da su."

Na tsaya da tabarma a hannu. Na san gaskiya ya faɗa. Amma a makon nan yara maza biyu da iyayensu suka riga suka yi musu shirin tafiya Najeriya sun fasa, saboda na je na durƙusa gaban iyayen na ce ga karatu na tafiya. In na rufe, da wane ido zan dube su? Kuma ban ga yadda za a yi yaro ɗan shekara goma sha biyu ya biya abin da manya a Yamai suka ɓata ba.

"Yaya, ka yi haƙuri. Ba zan iya bari ba. In gidan ne matsala, zan fitar da su daga gidan."

Ya gyaɗa kai, ya fita. Daga ranar ko saƙo ta bakin Inna bai ƙara aikowa ba, kuma wallahi na fi jin zafin wannan shirun a kan duk gyaran da yake mini.

Dama albasa ta kusa shigowa, Baba na bukatar rumfarsa. Na ɗauki ƙyaurena a ka na kai gindin wata tsamiya a bayan gari. Zafi ya sauko, irin na bazarar ƙasar Adar da ke sa jaki ya ƙi tafiya. Awaki suna ratsa aji, iska na kayar da allo, masu wucewa zuwa rijiya suna tsayawa su ba ni shawarar yadda ake koyarwa. Littattafaina na bak suna cikin akwati, tun ina cewa gobe zan buɗe har na daina faɗa, don in na dawo gida muryata ta dushe, kaina na sarawa, ga aikin albasa da ba a ɗauke wa kowa.

A cikin wannan zafin Sa'a ta haihu, namiji, wanda kuke kira Yaya Mamman. Yaya ya aika wa duk malaman yankin goron suna. Baba ya ba shi rago. Inna da maƙwabta suka kwana biyu suna daka, aka ware tabarmi masu kyau a inuwar zaure domin malamai, don a garinmu in mushe ya yi suna, zuwan abokan aikinsa a kan kekuna da babura shi ne adon taron. Aka raɗa suna da safe, mutanen gari suka cika ƙofar gida, iyayen yarana ma sun zo da yawa. Amma tabarmin can na zaure ba wanda ya zauna a kai. Yaya yana sanye da babbar rigarsa yana gaisawa da mutane, amma duk ƙarar da ta taso daga hanyar Bangi sai ya juya. Har azahar ba malami ko ɗaya. Direktan lakkol ɗinmu, da gidansa ke nan cikin gari, ya aiko wai zazzaɓi yake. Sa'a tana ɗaki tana hawaye a kan jaririnta. Da aka watse na ga Yaya da kansa yana naɗe tabarmin nan ɗaya bayan ɗaya. Na je in kama masa, ya janye hannunsa. Inna ta ja ni gefe.

"Kin ga abin da kunka ja muna, ke da shi da sandikarsu. Kowa na da gaskiya, ni ce ke da tuwon da ba a ci ba."

Washegari na koma gindin tsamiya, don ban san abin da zan yi ba in ba wannan ba. Muka ci gaba har gajimare suka fara haɗuwa. Yaran sun iya rabawa, sun iya dikte daidai gwargwado, har na fara ƙirga waɗanda nake ganin za su ci. Sai wata rana da rana tsaka rediyon Yaya ya faɗa wa gida duka cewa an soke shekarar karatu gaba ɗaya. Ba jarrabawar shiga kwaleji, ba bak, kowa zai maimaita ajinsa. Ina tsaye da tulu a ka na ji. Na sauke shi a hankali don kada in jefar. Watannin nan duka, da muryata, da sunan da aka ɓata mini, da tabarmin zaure, ga abin da suka zama. Da na gaya wa yara sai suka yi ihun murna suka ruga fadama. Uban nan da ya ce ni wace ce ya tare ni a hanya ya ce ai dama ya faɗa.

Bayan damina aka sasanta da malamai, makarantu suka buɗe. Yaya ya shiga ajinsa ya tarar da kusan duk yaransa a zaune, alhali a ƙauyukan da ke kewaye wasu ajujuwan sun zama kango, malamai na bin gidaje suna neman waɗanda suka riga suka tsallaka iyaka. A ƙarshen shekarar yaransa suka ci da yawa, mutane suka yi ta yabon Mushe Illa. Ya cancanta, malami ne na gaske. Amma ba wanda ya ambaci tsamiya, shi ma bai ambata ba. Abokan aikinsa kuwa sun daɗe suna gaishe shi sama-sama.

Ni na koma Madawa na tarar da sunana ya riga ni. A ajin bak ba a karatu mutum ɗaya, rukuni ake yi, a haɗu a warware lissafi tare. Duk rukunin da na nufa sai a ce sun cika. Waɗanda suka ɗaga hannu ranar taro suka zauna gida suka yi shekara guda suna bitar littattafansu su ne yanzu ke kauce mini a hanya. Zali kaɗai ke zama da ni, ita kuma ba fanninmu ɗaya ba. Na yi iya ƙoƙarina. Ranar sakamako, farkon damina, aka tara mu a harabar makaranta ana kiran sunayen waɗanda suka ci. Aka kira Lawali, aka ɗaga shi sama. Aka kira Zali. Aka gama ba a kira ni ba. Baba ya riga ya ce ba zai iya riƙe ni a birni shekara ta uku a aji ɗaya ba, don haka na san Yamai ta wuce ni. Daga baya ne na shiga makarantar koyon aikin jinya da takardar kwaleji, aikin da kuka taso kuka gan ni ciki, kuma ban raina shi ba. Amma ba shi na nufa ba, kuma ba na son a riƙa gaya muku wai dama shi nake so.

Na fito ƙofar makaranta ban ko ga gabana sosai ba. Sai na ji an ce, "Hau." Yaya ne, a kan wata tsohuwar moto da ya aro, rigarsa duk laka. Ban san ya zo ba, ba wanda ya aike shi. Na hau baya. Muka biya aka ɗaure akwatina, muka kama hanyar Bangi. Mun fita gari sosai kafin ya yi magana, yana ɗaga murya saboda iska.

"Da kin ji maganata da yanzu kina cikin waɗanda aka ɗaga."

Na matso kusa da kunnensa.

"Da na ji maganarka da ajinka ya zama wurin kwanan awaki!"

"Ajina ne, ni ya shafa!"

"Yaran ba naka ba ne kai kaɗai!"

"Ke da ko rabawa ba ki iya ba!"

"Amma ai sun ci!"

"Ni na gyara su!"

Haka muka yi ta yi, shi yana ihu gaba, ni ina ihu a ƙeyarsa, ina kuka ina mayar masa. Duk abin da muka haɗiye shekara da watanni ya fito a kan hanyar nan. Ya faɗi maganar suna, na faɗi maganar rukunin karatu, ya ce shi ma bai san an yi mini haka ba, kuma da ya sani da ya zo ya ci mutuncinsu, sannan ya ce duk da haka laifina ne. Da muka iso ƙoramar da ke kafin garinmu ruwa ya sauko, moto ta shiga yashi ta mutu. Muka sauka, ya naɗe wando, na ɗaure zane, shi yana riƙe da kai ni ina turawa ta baya, ruwa har gwiwa, kuma ba mu fasa ba. Wasu Fulani da ke jiran shanunsu su gama sha suka tsaya suna kallonmu, ɗaya ya tambaya ko lafiya, Yaya ya ce masa lafiya lau, ƙanwarsa ce ba ta da kunne.

Moton ba ta sake tashi ba. Da ƙafa muka shiga gari muna tura ta, jiƙe sharkaf, muna gardama a kan wanda ya fara ɗaga wa wani murya tun farko. Inna tana tsakar gida tana tsince wake, Sa'a na gefenta da yaro a cinya. Tun daga zaure suka jiyo mu. Inna ba ta tambayi sakamako ba, fuskata ta gaya mata. Ta dube ni, ta dubi ɗanta, ta saurara kaɗan ta tabbatar da juna muke yi wa ihu ba ita za a aika ba. Sannan ta ture faifan wake ta miƙe.

"Sa'a, ƙara ruwa a tukunya," ta ce. "Yau kowa zai ci tuwo."